Ka Faɗi Aibin Duna Kafin Ayari Ya Tashi

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Takarda ta fito daga hannun Sambo na Gagarawa, zuwa ga Magaji, wanda yake sauke a gidan kawunsa a Maigatari. Gaisuwa mai yawa, da yarda, da fatan kana lafiya, kai da jakinka Duna. Allah ya tsare ka a zango, ya tsare ka a hanya, ya raba ka da ƙishirwa da mugun abokin tafiya. Ka gaida kawunka, ka ce masa na ji labarin ya yi tumbi, Allah ya sauke shi lafiya.

Bayan haka. Kai ɗan fari ne, ka san yadda muke. Garin nan babu wanda bakina ya ƙyale, tun daga dagaci har mai tallan daddawa, amma kai da ka shigo zaure sai in tuna ina da aiki a bayan gida. Sunanka na yanka ma ban taɓa kamawa ba. To, takarda ba ta da ido, ba ta jin kunya. Na roƙo tawada wajen Malam, na fere alƙalami, zan gaya maka abin da na kasa faɗa ranar da kake ɗaura wa Duna akumari. In ka ga harafi ya karkace ka yi haƙuri. Iyakar karatuna allo ne, shi ma rabinsa a kan bishiyar kanya na yi shi.

Ga abin da ya zaunar da ni. Za ka shiga ayarin Madugu Ɗan'azumi mai zuwa Damagaram, kuma kafin a tashi za a yi zaman faɗin aibi, kamar yadda ayarin ƙasar nan suka saba. Kowa zai jawo dabbarsa gaban madugu, ya ɗora hannu a bayanta, ya faɗi abin da ke damunta, ya kuma faɗi ko gidansu ya taɓa cin gudummawar ayari. Wanda ya faɗa, in dabbarsa ta karye ko ta mutu a hanya, 'yan ayari su haɗu su mayar masa da wata. Wanda ya ɓoye, asararsa tasa ce shi kaɗai. Ni kuwa na ji da kunnena, ta bayan danga, kana gaya wa abokinka ba za ka ta da zancen tsoron raƙumi ba, ba kuma za ka ambaci abin da ya sami uwarka ba. Wai tsohon zance ne, wai in madugu ya ji zai ce ka koma gida. Magaji, Duna shi ne duk abin da gidan nan ya iya ba ka. In ya faɗi a arewa aka ce ba ka cikin alkawari, da ƙafa za ka dawo, akumari a ka.

Na riga ka bin wannan hanya, kuma ba ramin da ke cikinta da ban auka ba. Zauna in nuna maka su.

Kana ƙarami, kana yawo ba wando, shekarun da gyaɗa ta fara daraja a Kano, uwarka ta sayi jaka da abin da ta tara a man gyaɗa da ƙuli-ƙuli. Aura muke ce mata, ita ce ta haifi Duna. Jaka ce mai ƙarfi, ba ta ƙin kaya, ba ta harbi. Aibinta ɗaya: in raƙumi ya yi ruri kusa da ita, hankalinta ya tafi. Na sani sarai, don na sha gani.

Ni nake tafiya da ita a ayarin Madugu Jatau, riba kuwa ta mai ita. Ranar faɗin aibi muka taru a gindin tsamiyar ƙofar gidansa. Da aka zo kaina na ɗora hannu a bayan Aura.

Madugu ya ce, "Sambo, mene ne aibin jakar iyalinka?"

Na dubi taron na ga fuskoki a murtuke kamar ana rabon gado. Sai shaiɗanin wasa ya taɓa ni. Na ce, "Madugu uban tafiya, aibinta da yawa. Tana riga ladan kiran asalatu. Tana son jakin Bawa, alhali na gaya mata gidan rowa ne, ko dusa ba za ta gani ba. In na yi mata faɗa sai ta kaɗa kunne ta yi gaba, halin mai ita. Kuma ba ta shiri da raƙumi, ta ce wuyansa ya yi mata tsawo."

Aka fashe da dariya. Bawa, wanda ka sani, mai ƙirga ƙwayar gero kafin ya ba kaza, ya ce, "Allah ya shirye ka, ɗan banza."

Madugu yana goge ido da bakin rawani ya ce, "Aibi nake tambaya, Sambo."

Na ce, "Iyakarsa ke nan."

Ya ce, "Wuce."

Na wuce ina jin kaina gwani. A zuciyata na ce na fita: na ambaci raƙumi, ba wanda zai ce na ɓoye, kuma ba wanda ya ɗauka balle ya yi mini wani sharaɗi.

Wasa gishiri ne, yaro, ba a tuƙa tuwo da shi. Maganar da wani zai dogara a kanta, ka tsamo ta daga cikin raha, ka ajiye ta ita kaɗai a faifai inda kowa zai gan ta. Ka faɗe ta har sai madugu ya gyaɗa kai. In bai gyaɗa ba, ka sake.

Da rani ya tsaya muka ɗauki gero zuwa kasuwar Maigatari, mu dawo da kanwa. Uwarka ta ce za ta bi mu, ta duba tsohuwarta, ta kuma sayar da manta. Aka rage wa Aura kaya, aka rataya mata tulunan mai, mai ita ta hau. Bayan mun wuce Gumel igiyar mangalata ta tsinke. Na tsaya gyara, ayari ya yi gaba, muka rage daga ni sai ita. A gefen hanya akwai rijiya, Buzaye sun durƙusar da raƙumansu a wurin. Muna zuwa daidai nan wani ƙaton amale ya miƙe ya yi ruri.

Ban ga tashin Aura ba. Ta bar hanya, ta nufi wani busasshen kududdufi inda ake haƙar ƙasar gini, ta auka ciki da uwarka da tuluna duka.

Ban san yadda na isa bakin ramin ba. Na leƙa na gan ta kwance, mai ya jiƙa ta tun daga kai har ƙafa, ba ta motsi. Wallahi a nan na ga gidanmu ba kowa, na gan ka kana yawo ana miƙa ka daga wannan ɗaki zuwa wancan. Na dira, na kira ta da sunanta, wanda ban taɓa kira a waje ba. Sai ta buɗe ido ɗaya ta ce, "Malam, duba mini, akwai tulun da ya tsira?"

Na zauna daɓas a ƙasa, ina dariya hawaye yana zuba. Tunda nake ba a taɓa yi mini tambayar da ta yi mini daɗi kamar wannan ba.

Hannunta na hagu ya karye a wuyan hannu. Aura kuwa ƙafar gaba ta tafi, ba ta sake tashi ba. Buzayen suka taya ni fitar da uwarka, suka yi mana sannu, suka kora raƙumansu. A Maigatari muka dace da wani maɗori, mutumin Sule Tankarkar da ya zo cin kasuwa, ya ɗora hannun.

Da muka koma gida aka sa ranar zama. Jakar tata ce, saboda haka ita ce mai neman gudummawa. A nan tsoro ya kama ni, don na san da an ambaci raƙumi za a waiwayo ni. Na shiga ɗakinta na same ta da hannu ɗaure cikin karare.

Na ce, "In an tambaye ki, ki ce gefen rami ne ya zabge da ita. Ba wanda ya gani sai Buzaye, su kuwa sun yi nisa."

Ta dube ni. Ta ce, "Wa ya auka ramin, ni ko kai?"

Na ce, "Ke."

Ta ce, "To bar mini labarina."

Na ce, "Za su hana ki."

Ta ce, "Su hana. Da hannu ɗaya ma ana matsar mai, sai dai a daɗe. Amma ka taɓa ganin wanda ya ci rantsuwa ya yi ƙiba?"

Ranar zama ta zauna gefe kusa da matar madugu, a lulluɓe. Aka ce ta faɗi yadda aka yi. Ta ce raƙumi ya yi ruri, jaka ta firgita. Sai ta ƙara, ba wanda ya tambaye ta, "Kuma ta saba, ba ranar ta fara ba."

Na so ƙasa ta tsage in shige.

Madugu ya juyo. "Sambo, ka faɗi wannan ranar faɗin aibi?"

Na ce, "Na faɗa, Madugu."

Bawa ya miƙe tsaye. "Ya faɗa! Ya kuma ce tana kiran sallah. In mun karɓi wannan sai mu karɓi wancan, mu naɗa jaka ladan. Jama'a, da mun san da gaske yake, da a tsakiyar ayari muka sa ta. Da ba mu bar mace a kanta a bayan ayari ba."

Wannan ta ƙarshe ita ce ta shige ni, don gaskiya ce. Ba gudummawa kaɗai wasana ya taɓa ba. Shi ya kai uwarka cikin ramin.

Madugu ya daɗe yana tauna goro. Sannan ya ce, "Bawa ya yi gaskiya. A ƙa'idar ayari, ba ta da komai a wurinmu. Amma matar nan ba wanda ya ga faɗuwarta a cikinmu. Da ta ce rami ne ya zabge, da mun biya muna yi mata sannu. Ta zo da ƙafarta ta faɗi abin da zai hana ta. In muka sallame ta hannu wofi, gobe ba wanda zai ƙara gaya mana gaskiya a gindin tsamiyar nan. A mayar mata da jaka. Shi kuwa mai bakin, daga yau har damina ta sauka, duk rijiyar da muka isa, shi zai ja wa dabbobin ayari ruwa."

Bawa ya ce, "Har da nawa?"

Madugu ya ce, "Naka ne farko."

Ka san zurfin rijiyoyin ƙasarmu, sai ka jefa guga ka yi salati kafin ka ji ya taɓa ruwa. Tafin hannuna ya kumbura, ya fashe, ya yi kanta. Bawa yakan kishingiɗa a inuwa yana cewa, "Ja, uban ladan, jakina bai ƙoshi ba." Duk da haka ban taɓa jan ruwa da sanyin rai irin na wannan rani ba, don in na dawo gida ina samun uwarka a tsakar gida tana yi mini faɗa.

In Allah ya ba ka iyali, kada ka taɓa ɗora mata ƙarya don ta rufe maka ɓaraka. Ka kuma lura: ba da ƙa'ida aka mayar mana da jaka ba, da alherin mutum ɗaya ne. Ba kowane madugu ne Jatau ba. Kada ka tafi arewa kana dogara ga alherin mutumin da bai san ka ba.

Yanzu za ka ce ai daga nan na yi hankali. Ina fa!

Jatau ya rasu, Allah ya ji ƙansa, ayarinsa ya watse. Na tafi Sule Tankarkar na nemi shiga ayarin Madugu Habu. Faɗin aibi kam na yi shi da fuska irin ta alƙali, ko murmushi babu. Sai ya ce, "Gidanka ya taɓa cin gudummawar ayari?"

Na yi shawara da zuciyata, ita kuwa muguwar mashawarciya ce. Ta ce da ni: jaka ta mace ce, dukiyar mace tata ce, ko Malam ya sha faɗa. Ita aka ba, ba kai ba. Kuma ayarin da ya ji an taɓa biyan gidanka, sai ya nauyaya maka kaso, ko ya ce ka nemi wani. Na ce, "A'a."

Ya dube ni, ya ce, "To."

Muka yi ta tafiya, Kano, Haɗeja, mu dawo. Jakin wani ya mutu, na ba da nawa kaso ba gardama. Amma tuwo ya daina wuce mini. In jakina ya yi tari gabana ya faɗi. In na hango mutumin Gagarawa a kasuwa sai in ja shi gefe in cika shi da surutu, kada ya ƙarasa wajen madugu su gaisa.

Wata rana uwarka ta ajiye mini akushi ta tsaya a kaina. Ta ce, "Malam, ka rame. Jiya mai daddawa ta wuce ta ƙofar gida ba ka ce mata komai ba, har ta dawo tana tambaya ko ba ka da lafiya. Me ka ɓoye kuma?"

Na gaya mata.

Ta ce, "Jakar tawa, turkenta a gidan wa yake? Wa yake kora ta a hanya? In ana cin tuwo, gida ɗaya muke, in ana tambaya kowa da nasa?"

Na sa takalmi na nufi Sule Tankarkar. Na sami Habu a zaure yana ɗinkin taiki.

Na ce, "Madugu, na zo gyara magana." Na faɗa masa duka, tun daga amale har guga.

Bai ɗago kai ba. Ya ce, "Wa ya ɗora hannun iyalinka?"

Na ce, "Wani maɗori, mutumin garin nan."

Ya ce, "Yayana ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Har yau in ya ji ƙanshin ƙuli-ƙuli sai ya ba da labarin matar da aka kawo masa tana ɗigar mai."

Na ce, "To, ashe tun ranar..."

Ya ce, "Tun ranar. Na kuwa gaya wa manyan ayari, dabbobin Sambo suna tafiya da mu, amma ba sa cikin alkawari sai ranar da ya zo da ƙafarsa. Da ɗaya ya mutu a hanyar Haɗeja, da sannu kaɗai za ka samu."

Rani guda ina tafe, ina ba da kaso don wasu, ni kuwa ba kowa a bayana. Allah ne kawai ya tsare. Na ce, "Da na faɗa tun farko fa?"

Ya ce, "Da na ce ka ɗan ƙara a kasonka shekarar farko, shi ke nan. Wanda ya taɓa ganin dabba a rami ya fi wanda bai gani ba kula da hanya." Ya ɓare goro ya miƙo mini rabi. "Daga yau kana ciki."

Na dawo Gagarawa kamar an sauke mini dutsen niƙa daga ka. Na ci tuwo har sai da uwarka ta ɗauke tukunya. Da mai daddawa ta wuce na tambaye ta ko ita ce take warin ko kayanta, ta ce, "Alhamdu lillahi, ya warke."

Saboda haka ga abin da nake so. In an zo kanka, ka ɗora hannu a bayan Duna ka ce: jakin nan yana tsoron rurin raƙumi, ya gada. Na san za ka ce ya rage. Ya rage a Gagarawa, inda raƙumi baƙo ne. Hanyar Damagaram kuwa garinsu ne. Sannan ka ce: gidanmu ya taɓa cin gudummawa, jakar mahaifiyata ce, ita ce uwar wannan, ga yadda aka yi. Kada ka ce na uwarka ne ba naka ba. Ƙasar nan ƙarama ce, duk maɗori yana da ƙane. In sun nauyaya maka kaso, ka ɗauka. In sun ce ka koma, ka dawo, ba abin kunya ba ne. Gona tana nan, fartanya ba ta taɓa tambayar kowa aibinsa ba.

Nan na ajiye alƙalami, na jira mai zuwa Maigatari ya kai maka takardar. Kafin in samu, sai ga Bawa ya dawo daga kasuwarku, ya tsufa amma bakin yana nan. Ko jakinsa bai sauke ba ya tsaya a ƙofar zaure.

Ya ce, "Sambo, yaron nan kuwa naka ne?"

Na ce, "Me ya yi?"

Ya ce, "An yi zaman faɗin aibi, ina wurin. Ya tsaya gaban Ɗan'azumi, ya faɗi raƙumi, ya faɗi rami, har jan ruwan da ka yi bai bari ba. Ba wanda ya yi dariya sai ni. Madugu ya ce jakin ya tafi a tsakiyar ayari, in an kusa rijiya yaron ya riƙe igiya da hannunsa. An karɓe shi."

Na ce, "Sake faɗa."

Ya ce, "Kyauta? Kawo goro."

Na ba shi, Magaji. Na ba Bawa goro da hannuna, ban ko gutsura ba.

Na shiga ciki na gaya wa uwarka. Tana tankaɗe, ba ta ɗago ba, ka san ba ta zancenka a gaban mutane. Amma na ga rariya ta tsaya. Na ce, "Ga shi na ɓata tawadar Malam a banza. Me zan yi da takardar?"

Ta ce, "Aika masa. Ya san abin da Allah ya tsare shi bai gada ba."

To ga ta nan. Ban san me ya juya maka zuciya tsakanin bayan danga da gaban madugu ba, ba kuwa zan tambaya ba. Ka tafi, akwai mutane a bayanka.

Allah ya kai ku Damagaram lafiya, ya dawo da ku lafiya. Ya sa rijiya ta tarbe ku da ruwa, ya kau da idon ɓarawo daga kayanku, ya ƙarfafa ƙafar Duna. Ka riƙe sallah ko a kan hanya. Ƙannenka suna gaishe ka. Allah ya yi maka albarka.

Haza wasalamu, daga Sambo.